Fasfo kafin digiri: yadda kasuwar malaman Turanci take a ƙasashen waje

Duk wanda ke cikin zaurukan malamai na WhatsApp ya taɓa cin karo da irin tallar nan: ana neman malaman Turanci a Tailan, ko Biyetnam, ko Dubai, albashi da dala, gida kyauta, tikitin jirgi kyauta, a tuntuɓi wannan lambar. Malamin da ya shekara goma yana shaƙar ƙurar alli, albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata, idan ya gani dole ransa ya biya. Ga digiri a Turanci, ga daɗewa a aji, ga shi kuma ƙasarsa da Turanci ake gudanar da mulki. To me zai hana?

Abin da ke hanawa, sau tari, shi ne ɗan koren littafin nan da ake nunawa a filin jirgi. A wannan kasuwar fasfo ake fara dubawa, sannan takardu, daga ƙarshe a tambaya ko mutum ya iya koyarwa. Wanda bai san haka ba zai yi ta zuba kuɗi da lokaci a wuraren da ko buɗe takardarsa ba za a yi ba.

Koriya ta Kudu ce ta fi fitowa fili da abin. Bizar da take ba malaman harshe, wadda ake kira E-2, idan Turanci za a koyar, an ware ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Shirin gwamnati na EPIK, wanda ke rarraba malamai a makarantun gwamnati tun 1995, a kan wannan jerin yake tafiya, in ban da wata 'yar kafa da aka buɗe wa malaman Indiya saboda yarjejeniyar kasuwanci. Ma'ana, saurayin da ya karanta ilimin ƙasa a Kanada, bai taɓa riƙe alli ba, zai samu. Mai digiri na uku a nahawun Turanci daga Jami'ar Bayero ba zai samu ba. Ba wayo ko sanin manya da zai sauya wannan, don haka duk wanda ya ce zai kai ka Koriya koyar da Turanci da fasfon Najeriya ko na Nijar, ka riƙe kuɗinka.

Wannan tunanin, cewa babu malamin da ya kai wanda ya sha harshe a nono, yana da tarihi, kuma wani ɓangarensa a Afirka aka ƙulla shi. A 1961 ƙasashe renon Ingila suka yi taro a Makerere ta Yuganda a kan koyar da Turanci. Masanin nan Robert Phillipson, a 1992, ya bi diddigin aƙidun da suka fito daga taron, ya nuna cewa fifita ɗan asalin harshe ɗaya ne daga cikinsu, kuma ya ce ruɗu ne. Kafin shi, Braj Kachru ya kasa masu Turanci gida uku: na ciki irin su Ingila da Amurka, na tsakiya irin su Najeriya, Gana, Indiya da Filifin inda Turanci ya zauna ya yi jijiya, da na waje irin su Japan da Sin inda baƙo ne. Mu na tsakiya mun fi kowa shiga tsaka mai wuya: mun iya har ba ma buƙatar a koya mana, amma ba a yarda namu ne ba. Ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29 a watan Janairun 2020, har da Kannywood, amma jami'in shige da fice a Seoul ba ƙamus yake dubawa ba.

A nan ne ya kamata a bambance abu biyu da ake cakuɗawa. Kasuwa biyu ce ke cin rana ɗaya a fili ɗaya. Akwai kasuwar murya da fuska: cibiyoyin lesin na yamma da makarantun yara masu zaman kansu, waɗanda abin da suke sayar wa iyaye shi ne ga Bature a aji. A can ne za ka ga talla an rubuta NES, wato 'yan asalin harshe kawai, a ce kuma a turo hoto. Launin fata yana aiki a wannan kasuwar, har baƙaƙen fata 'yan Amurka da Birtaniya suna kokawa da shi. Sannan akwai kasuwar sana'a: jami'o'i, kwalejoji, makarantun da ke bin manhajar ƙasa da ƙasa irin ta Cambridge ko ta IB, da ma'aikatun ilimi. Su waɗannan lasisin koyarwa suke tambaya, da digiri na biyu, da shekarun aiki. A ta farko mun faɗi tun kafin a buga ƙararrawa. A ta biyu ana iya kokawa a ci, kuma a ganina duk shirin da malami Bahaushe zai yi, can ya kamata ya dosa.

Japan ta bambanta da maƙwabciyarta Koriya ta wata hanya da mutane da yawa ba su sani ba. Sharaɗin bizar malamin harshe a makarantu ba jerin ƙasashe ba ne. Abin da ake nema shi ne mutum ya yi karatun shekara 12 cikin harshen da zai koyar. Wanda ya yi firamare, sakandare da jami'a da Turanci yana da abin nunawa, muddin makarantun za su ba shi wasiƙar shaida. Shirin gwamnati na JET, wanda aka fara a 1987, ta ofisoshin jakadanci yake ɗaukar mutane, kuma ba kowace ƙasa ke da gurbi ba. Hanyar da ta fi buɗuwa ita ce ta kamfanonin da ke samar wa hukumomin ilimi mataimakan malamai, irin su Interac, inda 'yan Filifin da 'yan Jamaika suka yi yawa. Sai dai a san abin da ake shiga: mataimaki ne, ba mai aji ba, albashin ya isa a rayu amma ba na gina gida a shekara biyu ba ne, kuma kamfanoni da yawa sun fi son wanda ya riga ya shiga ƙasar. Zangon karatu a Afrilu yake farawa, don haka neman aikin tun kaka ake fara shi.

Sin kuwa kasuwarta ta yi girgiza. A watan Yulin 2021 gwamnati ta hana cin riba da lesin na darussan makaranta, abin da ya karya manyan kamfanoni, ya kuma raba dubban malaman waje da ke koyar da yaran Sin ta intanet da abincinsu. Ƙa'idarta a kan malamin harshe ita ce ya zama ɗan asalin harshen, ko ya yi digiri a ƙasar masu harshen. 'Yan Afirka da dama sun yi ta koyarwa a can da bizar ɗalibi ko ta kasuwanci, kuma ƙarshen irin wannan sananne ne: tara, tsarewa, kora. Bizar aiki ta halal ita ce Z, ba wata ba.

Tailan na cikin ƙasashen da 'yan Afirka suka fi samun shiga a Asiya, musamman 'yan Kamaru, Kenya, Gana da Yuganda. Ƙasar ta yarda wanda ba ɗan asalin harshe ba ya koyar, idan yana da digiri kuma ya ci maki 600 daga cikin 990 a jarrabawar Turanci ta TOEIC. Abin dariya, har 'yan Afirka ta Kudu, waɗanda Koriya ta ɗauka 'yan asalin harshe, a Tailan sai sun rubuta ta. Bayan haka sai bizar da ake kira Non-B, da takardar izinin aiki, da izinin koyarwa na wucin gadi daga majalisar malamai ta ƙasar. Matsalar ita ce albashi kala biyu ne a ɗakin malamai ɗaya. Bature a makarantar gwamnati yakan karɓi baht dubu 30 zuwa 40 a wata, ɗan Filifin ko ɗan Afirka mai aji iri ɗaya a ba shi abin da bai kai wannan ba, wani lokaci rabi. Idan kuma ta hannun kamfanin dillalai aka shiga, sukan yanki nasu, kuma da yawa ba sa biyan watannin hutu. Mutum ya lissafa albashin wata goma ya raba a kan wata goma sha biyu, ya cire haya da kuɗin sabunta biza, kafin ya sayar da filinsa. Biyetnam ta fi biya, amma ta fi tsanani a takardu: tana neman wanda ba ɗan asalin harshe ba ya nuna shaidar iya Turanci a matakin C1, wato na biyar a matakai shida na ma'aunin Turai.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf su ne suka fi kusa da zuciyar mutanenmu, kuma da dalili. Ga addini, ga abinci na halal, ga Umara a kusa, ga albashin da ba a cire masa harajin kuɗin shiga. Jami'o'in Saudiyya suna da shekarar share fage, inda sababbin ɗalibai ke shan Turanci kafin su shiga likitanci ko injiniyanci, kuma nan ne mafi yawan guraben suke. Tun 2021 ma Saudiyya ta sauko da Turanci zuwa aji ɗaya na firamare. Amma wannan kasuwar sana'a ce tsantsa: digiri na biyu a koyar da Turanci ko kimiyyar harshe, shekarun koyarwa a babbar makaranta, kuma sau da yawa ba sa karɓar digirin da aka yi daga nesa. Wanda ya iya Larabci, kamar yadda ɗalibanmu da yawa na Islamiyya suka iya, yana da abin da Baturen ba shi da shi, ko da ba a rubuta shi a talla ba. A gefe guda, Saudiyya da Oman suna ta mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, guraben baƙi na raguwa. Siyasa ma takan shigo: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka sanar da ɗagewa.

Birtaniya fa? A Fabrairun 2023 aka ba malaman da suka yi horo a Najeriya da Gana, da wasu ƙasashe, damar neman lasisin koyarwa na Ingila, wato QTS, daga gida. Labarin ya karaɗe ko'ina a lokacin, amma ba kowa ya karanta ƙasan takardar ba: lissafi, kimiyya da harsunan waje irin su Faransanci aka nema. Malamin Turanci ba ya ciki. Kai wa Ingila Turanci kamar kai goro Gwanja ne.

Sai maganar takardun horo, inda ake yawan cin kuɗin mutane. Kalmar TEFL ba sunan wata hukuma ba ce, sunan fannin koyar da Turanci ga waɗanda baƙo ne a wurinsu ne kawai, don haka kowa na iya buɗe shafi ya sayar da takardar awa 120 a kan dala 20. Irin wannan tana iya cike gurbi a fom ɗin neman izinin aiki, amma ba ta koya wa kowa komai, kuma makarantar kirki ta san haka. Waɗanda ake girmamawa biyu ne: CELTA ta Cambridge da CertTESOL ta Trinity. Abin da ya bambanta su shi ne awa shida na koyar da ɗalibai na gaske, malami na zaune a baya yana rubuta kurakuranka. CELTA takan ɗauki mako huɗu zuwa biyar idan cikakken lokaci ne, ana iya yin ta ta intanet, kuma kuɗinta a yawancin cibiyoyi ya haura dala dubu. Da canjin yau wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga wanda fasfonsa ba ya yi masa magana, ita ce takardar da ke cewa wani daga waje ya ga koyarwarsa ya yarda. Idan aka haɗa ta da sakamako mai kyau na IELTS, jarrabawar auna iya Turanci, wanda galibi shekara biyu ake karɓarsa, an toshe bakin mai cewa Turancinka bai isa ba. Ina ganin malami ya tara kuɗin wannan ya fi masa alheri a kan ya ba dillali rabin kuɗin.

Ba duka laifin ke wajen Turawa da 'yan Asiya ba, gaskiya ɗaya ce. Kusan kowace makaranta za ta ce ka turo ɗan bidiyo na gabatar da kai, ko ka yi darasin gwaji ta Zoom, kuma a nan namu ke yawan zamewa. Hausa ba ta raba p da f yadda Turanci ya raba, v takan koma b a bakinmu, th ta koma z ko s. A Kano ko Sakkwato ba wanda zai ɗaga kai, amma yaron Biyetnam da ke koyon furuci daga bakinka zai kwafe abin da ya ji. Ba cewa ake mutum ya maƙale murya ya koma ɗan Landan ba, wannan ma ya fi muni. A gyara baƙaƙen da ke sauya ma'ana, a rage gudu, a san inda nauyin kalma yake faɗawa. Wata uku na naɗar murya da sauraron kai yana gyara abu mai yawa.

Babbar matsalar ma salon koyarwa ce. Mun taso malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a haddace ma'anar suna da aikatau saboda WAEC da NECO. A can ana auna malami ne da yawan maganar da ɗalibansa suka yi, ba wadda shi ya yi ba. Za a ba ka yara talatin da ba su san kalma ɗaya ta harshenka ba, kai ma ba ka san nasu ba, babu bulala, a ce cikin minti hamsin su fita suna iya tambayar farashin kaya. Duk da haka muna da abin da ɗan asalin harshe ba shi da shi: mun koyi Turancin nan da gumi. Mun san inda yake da santsi, domin mun faɗi a wurin. Bature zai ce maka haka ake faɗa, kai kuwa za ka iya cewa ga dalili.

Takardun hukuma aiki ne na haƙuri. Kusan ko'ina digirin jami'a ake nema. NCE ba ta isa ba, HND kuma takan jawo gardama. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 wadda ta sauƙaƙa tantance takardu da hatimi ɗaya, saboda haka sai an bi layi: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Ga takardar shaidar hali daga 'yan sanda, ga gwajin lafiya, ga rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, ga mai son a ɗauke shi cikakken malami. Wani ƙaramin abu da ke rusa tafiya: bambancin suna. Muhammad a digiri, Mohammed a fasfo, sunan gari a wannan, sunan uba a wancan. A gyara tun ba a fara ba.

Yanzu mu koma ga tallar da muka fara da ita, domin wasu irinta ba albashi kaɗan ne kawai haɗarinsu ba. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin bil'adama na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum dubu 120 a Myanmar, da kusan dubu 100 a Kambodiya, ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da tallar aiki ake kamo su, kuma mai jin Turanci shi ne abin farauta, tunda da shi ake yaudarar Turawa. Mutum ya sauka Bankok ta Tailan da bizar yawon buɗe ido, mota ta ɗauke shi, ya farka an tsallaka da shi kogi zuwa garin Myawaddy na Myanmar, an karɓe fasfo. A Fabrairun 2025, bayan Tailan ta yanke wa yankin wutar lantarki, an fito da dubban mutane, cikinsu har da 'yan Afirka da dama. Makarantar gaske tana da suna, da adireshi, da shugaban da za ka gani a bidiyo, da wani malami baƙo da za a haɗa ka da shi ka tambaye shi. Tana turo kwantiragi kafin ka sayi tikiti. Ba ta cewa ka shigo a matsayin ɗan yawon buɗe ido ka fara aiki, ba ta karɓar kuɗin gurbi, ba ta ajiye maka fasfo. Idan an ɗauke ka ba tare da an ga koyarwarka ba, to ba koyarwar ake so ba.

Koyarwa ta intanet daga gida wata kafa ce, ta shafuka irin su Preply da italki, inda malami ke sa farashinsa. Preply takan cinye kuɗin darasin gwaji gaba ɗaya, sannan ta ɗauki kashi 33 cikin ɗari, ya riƙa sauka har zuwa 18 idan awanni suka taru. Sai an tanadi sola da intanet mai ƙarfi, don ɗalibi ba ya jiran a dawo da wuta. Ba ta cika ciyar da gida da wuri ba, amma tana ba mutum ƙwarewar koyar da baƙi, abin da zai rubuta a takardar neman aiki.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda idonmu ke tsallake na kusa. Dattawanmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 suna tuna malaman Indiya, Pakistan da Gana da suka cika makarantun Arewa. A lokacin mu ne ƙasar waje. Tun 1987 Najeriya ke da shirin TAC, mai tura malamai da sauran ƙwararru aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik, da sunan gwamnati, ba dillali a tsakani. Ruwanda ta koma koyarwa da Turanci a 2008, ta ɗauko malamai daga maƙwabta, daga baya har daga Zimbabuwe. Gabon da Togo sun shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022, a shekarar da Aljeriya ta sa Turanci a firamare. Akwai kuma shirin Fulbright na Amurka da ke ɗaukar matasan malaman Turanci su je jami'o'in can na tsawon shekarar karatu ɗaya, amma Hausa za su koyar, ba Turanci ba. Sai dai tun 2025 bizar Amurka ta ƙara wuya ga 'yan Najeriya da Nijar.

Nijar ɗin kanta, a kundin da ta fitar a Maris na 2025, ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Makarantu masu zaman kansu da ke koyarwa da harshe biyu a Yamai, Kwatano, Lome da Abijan sun daɗe suna ɗaukar 'yan Najeriya da 'yan Gana, kuma ba wanda ke tambayar ko a nono suka sha Turanci. Albashin da sefa ne, bai kai na Riyad ba, kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa dole a bincika sharaɗin zama kafin a tashi. Amma malamin da ya fito daga Katsina ya tsaya a gaban aji a Maraɗi zai iya bayyana wa yaro darasi da Hausa idan ya cije, ya yi shekara biyu ya fito da wasiƙar shaida cewa ya koyar da Turanci ga waɗanda baƙo ne a wurinsu, a wata ƙasa. Irin wannan wasiƙar ce kwalejojin Maskat da Jidda ke tambaya idan suka ce a nuna ƙwarewa, kuma kuɗin motar zuwa Maraɗi bai kai na jarrabawar IELTS ba.